Fuskar da Fursunan Ya Kasa Faɗin Sunanta

Matso kusa, mai karatu, yau da kacici-kacici na zo, kuma ba irin na dandali ba ne.

A wani gidan yari na ƙasar Ingila, wata mai bincike, Essi Viding, ta zauna gaban wani fursuna tana nuna masa hotunan fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Aikin ba shi da wuya: ka ga fuska, ka faɗi abin da mai ita yake ji. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna irin wannan gwaji da yanayi shida, wato farin ciki, baƙin ciki, fushi, ƙyama, mamaki da tsoro. Ana cikin haka aka zo kan wata fuska. Ido a zare, gira a ɗage, leɓɓa sun ja baya. Mutumin ya dubi hoton. Ya ce shi bai san sunan wannan yanayi ba, amma fuskar ba baƙuwarsa ba ce: haka mutane suke yi daf da zai caka musu wuƙa.

Abigail Marsh ta Jami'ar Georgetown a Amurka tana cikin waɗanda suka ba da labarin nan, kuma tun da na ci karo da shi ya ƙi barina. Ba muguntar maganar ce ta riƙe ni ba, giɓin da ke cikinta ne. Mu ne muka ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ga fuska, ga mai tambaya, sun sha haɗuwa tazarar kamu ɗaya, amma labarin bai taɓa isowa ba. A ina ya maƙale?

Kafin mu bi sawu, mu san wanda muke bi. Halin mutumin nan likitoci suna kiransa saikofati. A bakinmu za mu ce ƙeƙasasshiyar zuciya, ko mu ce wane ba shi da ɗigon imani. Wani likitan Amurka, Hervey Cleckley, ya siffanta masu shi a 1941: zaƙin baki, ƙarya ba ƙifta ido, cutar da mutane ba nadama. Daga baya Robert Hare na Kanada ya tsara ma'auni mai siffofi 20, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 2, jimla 40. A Amurka da Kanada wanda ya kai 30 shi ake lissafawa. Ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 ne a gari, amma a gidajen yarin Amurka sukan kai 15 zuwa 25 cikin 100. Shi ke nan. Mu koma kan hoton.

Zato na farko, wanda kowa zai fara yi: idonsa ne ba lafiya. Akwai ma wata lalura ta ƙwaƙwalwa da ke hana mutum gane fuska, har ya wuce matarsa a kasuwa bai shaida ta ba. Sai dai amsar fursunan da kanta ta wanke idonsa. Ya ga fuskar. Ya tuna ta. Har ya faɗi lokacin da take bayyana. Masu irin halinsa kuwa sukan gane fuskar dariya ba wata wahala. Ido lafiya lau. A sallame shi.

To ko taɓin hankali ne? Ko dolanci? Wannan ma bai yi nisa ba. Abin da ya fi ɗaure wa Cleckley kai game da marasa lafiyarsa shi ne ba sa jin muryoyi, ba sa sambatu, ba su rasa wayo ba. Wasunsu za su zauna da kai su yi maka bayanin halal da haram tsaf, ka tashi kana sa musu albarka, sai ka isa gida ka laluba aljihu. Mai iya wannan ba dolo ba ne.

Na uku ya fi ƙarfi, kuma na daɗe a kansa. Ƙarya yake. Yana so ya firgita baiwar Allah da ta zo da takardunta, ya ga yadda za ta yi. Ai ƙarya tana cikin siffofi 20 ɗin nan na Hare. Me zai sa mu gaskata maƙaryaci?

Kada mu gaskata bakinsa. Mu tambayi tafin hannunsa.

Idan gaban mutum ya faɗi, tafin hannunsa yakan tsattsafo da zufa, ko da ƙanƙanuwa ce da ido ba zai gani ba, kuma akwai na'urar da ke auna ta. Tun 1957 David Lykken ya gwada fursunoni a Amurka: a kaɗa ƙararrawa, jan lantarki mai zafi ya biyo baya. Bayan 'yan zagaye, mutum da jin ƙarar sai hannunsa ya jiƙe, domin jiki ya koyi abin da ke tafe. Masu saikofati, kaɗan ƙwarai. Shekara 40 bayan haka, a 1997, James Blair ya nuna wa fursunoni a Ingila hotunan mutane cikin damuwa, irin fuskar mai kuka. Hannun sauran fursunoni ya amsa. Na masu saikofati ya yi sanyin amsawa. Baki yana shirya ƙarya. Zufa ba ta iya ba.

Saura zato ɗaya na hankali, kuma shi ne wanda dattijo zai kawo: sabo. Wanda ya tashi cikin duka, ya girma cikin daba, ya ƙare a kurkuku, dole zuciyarsa ta yi kanta. Akwai gaskiya a ciki, domin wahalar ƙuruciya tana barin tabo. Amma duba da kyau. Waɗanda Blair ya kwatanta su da su ai su ma fursunoni ne, abinci ɗaya, gini ɗaya, kuma hannunsu ya yi zufa. Sannan Seth Pollak na Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa yaran da aka azabtar a gida ba makancewa suke yi ga fuska ba. Kaifi suke ƙarawa. Tun fushi bai gama haɗuwa a fuskar babba ba sun hango shi, kamar yadda kaza ke hango inuwar shaho. Ga kuma yara 'yan shekara 9 ko 10, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar kurkuku ba, amma suna da alamun rashin tausayi da rashin nadama: su ma a kan fuskar tsoro suke tuntuɓe. A 2008 Marsh da Blair suka tattara bincike 20 suka auna tare, sai ga tsoro ya fito fili a matsayin yanayin da aka fi faɗuwa a kansa.

Mutum huɗu mun kama, mun saki huɗu. Sawun ya shige cikin kai.

Ɗora yatsanka a gefen kanka, tsakanin ido da kunne. Can ciki, a kowane ɓangare, akwai wani ɗan curin nama da bai wuce ƙwallon dabino ba. Sunansa amigdala. Kuma babbar mai ba da shaida a kansa ba fursuna ba ce. Wata mata ce a Amurka, uwar 'ya'ya uku, wadda likitoci suka sakaya sunanta da haruffa biyu: S.M.

S.M. tana da wata cuta ta gado da ba a cika gani ba, Urbach-Wiethe, wadda ta daskarar da amigdalarta ta hagu da ta dama, ta bar kusan duk sauran ƙwaƙwalwar lafiya. A 1994 Ralph Adolphs da abokan aikinsa na Jami'ar Iowa suka ba da rahoto a mujallar Nature: matar tana gane mutane, tana gane dariya, amma ba ta gane fuskar tsoro. Da aka ce ta zana fuskokin yanayi daban-daban, ta zana sauran. Da aka zo tsoro ta ce ba ta san yadda yake ba. Da aka matsa mata, sai ta zana wani ɗan mutum yana rarrafe, gashinsa a miƙe. Ita kanta ba ta cika jin tsoron ba. An kai ta shagon da ake sayar da macizai, sai da aka riƙa hana ta taɓa masu haɗarin cikinsu.

Yanzu sai a leƙa kan masu saikofati. A 2009 Yaling Yang da Adrian Raine suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 27 masu halin, suka kwatanta da 32 marasa shi. Amigdalar hagu ta gaza da kusan kashi 17 cikin 100, ta dama da kusan 19. Shekara guda kafin nan Marsh ta sa matasa masu alamun rashin tausayi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana nuna musu fuskokin tsoro. Amigdalar sauran yara ta motsa. Tasu ta yi likimo.

An kama ɓarawo ke nan, ko? Ga gurbin da ake ajiye sanin tsoro, ga shi ya lalace, saboda haka sanin ya zube. Shekaru da dama kusan haka aka fahimci lamarin S.M. Ni ma da a nan na tsaya da na naɗe tabarmata.

Amma Adolphs bai naɗe tasa ba.

Shekara 11 bayan rahoton farko, a 2005, ya sake zaunar da ita. Wannan karon bai tambayi me ta gani ba. Ya tambayi ina take kallo. Aka riƙa nuna mata fuska ta cikin 'yan ƙananan ramuka, kamar mai leƙe ta hujin zana, don a gano wane yanki take dogara da shi. Aka kuma kafa kyamara mai bin ƙwayar idonta. Ni da kai, idan aka ɗora mana fuska, idonmu kan ruga wajen idon mai ita kafin mu yi shawara: ido, ido, baki, a koma ido. Na S.M. sai ya sauka tsakiyar fuska, wajen hanci da baki. Ya zauna. Ba ya hawa sama. A fuskar tsoro haka, a ta dariya haka, a kowace haka.

Ka gano?

Dariya a baki take. Wanda ya kalli baki ya gama. Ƙyama tana yamutsa hanci. Amma tsoro gidansa ido. Farin idon nan da ke bayyana sama da ƙwaya idan mutum ya zaro ido, shi ne wasiƙar. Paul Whalen ya nuna haka a 2004: ya goge fuska gaba ɗaya ya bar farin ido kawai a kan baƙin allo, ya walƙa shi na kashi 17 cikin 1,000 na sakan, ya rufe da wani hoto, yadda masu kallo ba su ma san sun gani ba. Amigdalarsu ta amsa. Ta karanta wasiƙar kafin mai gidan ya san an yi sallama.

Sai Adolphs ya yi abu mafi sauƙi a duniya. Ya ce da S.M. ta kalli idon.

Ta kalla.

Ta gane tsoro. Daidai da kowa.

Tsaya nan tare da ni, domin wurin ya cancanci tsayawa. Fiye da shekara 10 ana gwada matar nan, ana rubuta cewa ba ta san fuskar tsoro ba. Ashe sanin yana nan, ba a taɓa sace shi ba. Abin da ta rasa shi ne ɗan aiken da ke zungurar mutum ya ce, kai, duba can. Amigdala ba rumbu ba ce da ake tara tsoro a ciki. Ta fi kama da yaron da ke zaune a zaure, wanda da ya ji motsi zai ruga ya tayar da mai gida. Idan yaron ba ya nan, mai gida yana da ido, yana da kunne, yana da hankali, baƙo kuma zai gaji da sallama ya tafi. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne abin da ya biyo baya: da aka daina tuna mata, sai idonta ya koma kan hanci. Ta ji bayanin, ta fahimta, amma bai zame mata jiki ba. Kullum sai an aiko.

To wannan S.M. ce. Fursunanmu fa?

A Sidni ta Ostareliya, Mark Dadds ya karanta rahoton, ya ce bari ya gwada. A 2006 ya tara yara maza 'yan makaranta, ya auna wa ke da alamun rashin tausayi, ya nuna musu fuskoki. Da aka bar su su kalla yadda suka ga dama, masu alamun suka faɗi a kan tsoro. Aka ce su kalli ido. Giɓin ya rufe. Aka ce su kalli baki. Ya sake buɗewa. A 2008 ya kawo kyamara mai bin ido, ta tabbatar: ba sa yawan kai kallo wurin, idan sun kai ma ba sa daɗewa.

Daga Holand kuma wata shaida ta zo ta wata ƙofar. A 2013 Harma Meffert da Christian Keysers suka sa masu manyan laifuka 18, duk masu saikofati, cikin na'ura, suna kallon bidiyon hannaye biyu: wani yana shafa wani, wani yana bugun wani, wani yana ture wani. A ƙwaƙwalwar mutum, ganin an bugi hannun wani yakan tayar da wasu sassan da ke aiki idan kai aka buga. Shi ya sa kake yamutsa fuska idan ka ga yaro ya dafa garwashi. A wurin masu saikofatin wannan amsa-kuwwa ta yi rauni. Sai aka sake kunna bidiyon, aka ce su yi ƙoƙarin jin abin da mai hannun yake ji. Bambancinsu da sauran mutane ya ragu ƙwarai. Fitilar tana da mai, tana da lagwani. Ba ta kama da kanta ne.

A nan dole in tare wata fahimta kafin ta yi nisa. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa, ko amaryar da ba ta haɗa ido da surukarta, ba su cikin wannan magana ko kusa. Mai kunya ya riga ya karanta fuskar, nauyinta ne ya sa ya kawar da kai. Wanda muke magana a kansa yana iya tsura maka ido har ka tsargu, amma tashin hankalin da ke cikin naka idon bai kira shi ba.

Saura ƙulli ɗaya, kuma shi ne ya fi tauri. S.M. ba ta da amigdala mai aiki ko ɗaya, amma ba muguwa ba ce. Masu bincikenta suna siffanta ta da fara'a da saurin yarda da mutane, har abin yana jefa ta cikin haɗari. Ita aka taɓa ɗora wa wuƙa a wuya, ba ita ta ɗora wa wani ba. Masu saikofati kuwa tasu tana nan, raguwa kawai ta yi. Yaya wadda ta rasa duka ta tsira da tausayinta, wanda ya rasa kashi ya rasa nasa?

Amsa biyu ake bi, kuma ina ganin suna tafiya tare. Ta farko hanya ce. Akwai wata igiyar jijiyoyi mai lanƙwasa kamar ƙugiya da ta haɗa yankin amigdala da gaban ƙwaƙwalwa, saman kwarmin ido, inda ake auna abin da ya dace da abin da zai biyo baya. A 2011 Michael Koenigs da abokansa suka shiga da na'ura mai tafiya a mota wani gidan yari a Wisconsin, suka auna fursunoni masu saikofati da marasa shi. A masu halin igiyar ta fi rauni, kuma sassan biyu ba sa aiki tare yadda ya kamata. Ɗan aiken ba ƙaramar murya kawai gare shi ba, hanyar zuwa ɗakin mai gida ma ta zaizaye.

Ta biyu lokaci ne. Ana ganin cutar S.M. ta ci amigdalarta ne sannu a hankali, bayan ta fara wayo. Ita da kanta tana tuna jin tsoro tana ƙarama. Ka tuna yadda yaro ke koyon tausayi. Ya fizge abin wasan ƙanwarsa, ya ɗaga hannu zai make ta, ta zaro ido, ta fashe da kuka. Wani abu ya soki cikinsa. Hannun ya sauka. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Sau dubu irin wannan na faruwa kafin ya shekara 7, kuma a ra'ayin Blair daga nan ne cutar da mutum ke zama abu mai ɗaci a baki. Yaron da fuskar ba ta kira shi, darasi dubu ya wuce shi yana tsaye a ajin.

Da wuri abin ke farawa. A Ingila Rachael Bedford ta bi jarirai 213 da aka gwada suna da mako 5 a duniya: a motsa fuskar mutum a gabansu, a motsa jar ƙwallo, a ga wanne suka fi bi da ido. Waɗanda ba su fifita fuska sosai ba sun fi nuna alamun rashin tausayi da suka kai shekara 2 da rabi. Dadds kuma ya kawo iyaye mata da 'ya'yansu ƙanana cikin ɗaki, ya ce kowace ta dubi idon ɗanta ta nuna masa tana ƙaunarsa yadda ta saba. Iyayen yara masu alamun ba su gaza sauran iyaye ba wajen nuna so. Yaran ne ba su mayar da kallon ba. Ina tuna matan nan duk lokacin da na ji an ce ai laifin uwa ne. Ta durƙusa, ta kama kafaɗarsa, ta faɗi abin da ke ranta, shi kuwa idonsa yana wani wurin.

Ba na so in sayar maka da abin fiye da kuɗinsa. Duk alƙaluman nan matsakaici ne na rukuni. Ba likitan da zai ɗaga hoton ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ya ce wannan mugu ne, kuma jaririn da ya bi ƙwallo ba a yanke masa hukunci ba. Ido ma ba shi ne duka labarin ba: Blair ya nuna a 2002 cewa masu saikofati suna kasa jin tsoro a cikin murya, inda babu idon da za a kalla, kuma wani nazari na 2012 ya samu rauninsu ya taɓa sauran yanayi ma, ba tsoro kaɗai ba. Da Dadds ya gwada koya wa iyaye da yara haɗa ido a matsayin magani, kallon ya ƙaru lokacin horon, daga baya ya koma inda yake, kamar dai na S.M. Abin da ya fi ba da fata ya zo daga binciken iyalai 561 masu riƙon 'ya'ya a Amurka, a 2016: yaran da suka gaji haɗarin daga uwar da ta haife su, idan uwar riƙo mai yawan yabawa da ƙarfafa kyakkyawan hali ce, alamun ba su cika fitowa ba.

Marsh, wadda ta ba mu labarin fursunan, ta yi wata tambaya da ban taɓa tunaninta ba. Idan akwai masu ƙaramar amigdala a wannan bakin, wa ke ɗaya bakin? Ta nemo mutum 19 da suka ba da ƙodarsu ɗaya kyauta ga wanda ba su taɓa sani ba, ba dangin iya ba na baba. Ta sa su cikin na'ura a binciken da ta fitar a 2014. Ta nuna musu irin hotunan nan. Ido a zare, gira a ɗage, leɓɓa sun ja baya.

Sun fi sauran mutane gane fuskar. Amigdalarsu ta dama ta fi amsawa. Da aka auna girmanta, ta ɗara ta sauran da kusan kashi 8 cikin 100.